Ƙunar Wuta Ba Ta Jiran Annoba Ta Wuce

Sharhin yau ya shafi majinyacin da ba a cika tunawa da shi ba idan annoba ta sauka a gari, wato wanda wuta ko tafasasshen ruwa ko man suya ya ƙona, aka kwaso shi zuwa asibiti a daidai lokacin da hankalin likitoci da na hukuma ya koma kan wata cuta mai yaɗuwa. Magana ɗaya ce sharhin zai tsaya a kanta, za a kuma maimaita ta. Ba a jinkirta jinyar ƙuna saboda tsoron annoba. Ba a kuma sassauta kariya daga annoba saboda gaggawar ƙuna. Tare ake yin su, a kan gado ɗaya.

Da farko, ya kamata a san abin da ƙuna take yi wa jikin ɗan Adam, domin a nan dalilin gaggawar yake. Aikin fata ga jiki ya yi kama da aikin ganuwar da magabata suka kewaye birnin Katsina da ita, lokacin da ba a shiga ba a fita sai ta ƙofofi sanannu irin su Ƙofar Durbi da Ƙofar Sauri da Ƙofar Ƙaura, kowace da mai tsaronta. Fata ce take riƙe ruwan jiki kada ya tsiyaye, ita take tsare ɗumin jiki kada ya fice, ita kuma take hana ƙwayoyin cutar da ke cikin ƙura da ruwa da hannun mutane samun hanyar shiga. Idan wuta ta cinye wani sashe nata, ruwa yakan riƙa fita daga jijiyoyin jini yana taruwa a tsoka, jiki ya kumbura, jinin da ke zuwa ƙoda ya ragu, sanyi ya kama majinyaci ko da ana zafi, sannan bayan 'yan kwanaki ƙwayoyin cuta su samu wurin zama a kan naman da ya mutu. Babbar ƙuna tana kuma raunana garkuwar jiki, wato ƙarfin da jiki yake da shi na yaƙar cuta, har ya zama cutar da mai lafiya zai yi 'yan kwanaki ya miƙe daga gare ta, ita ce za ta zama ajalin mai ƙuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna tana kashe kimanin mutum 180,000 a kowace shekara, akasarinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kuma da yawa daga cikin masu rasuwa a gadon asibiti cutar da ta shiga ta raunin ce take ƙarasa su, kwanaki bayan wutar ta mutu.

Likitoci suna auna ƙuna ta fuska biyu, zurfi da faɗi. Akwai wadda ta tsaya a saman fata, ta yi ja, ta yi raɗaɗi, ta warke cikin mako guda. Akwai wadda ta shiga ciki ta yi bororo. Akwai kuma wadda ta cinye fatar gaba ɗaya, wurin ya yi fari ko baƙi ya ƙandare, kuma sau da yawa ba ya ciwo, domin jijiyoyin da ke jin ciwon su ma sun ƙone. Rashin ciwon nan yakan yaudari iyali su ɗauka abin da sauƙi, alhali ita ce mafi muni. Faɗi kuwa da tafin hannun majinyacin ake kwatanta shi, domin tafin hannun mutum haɗe da yatsu ya kai kimanin kashi ɗaya cikin ɗari na fatar jikinsa. Yaron da ƙunarsa ta kai tafin hannunsa goma, ko babban da tasa ta kai goma sha biyar, yana buƙatar ƙarin ruwa a asibiti ba tare da ɓata lokaci ba, haka kuma duk ƙunar da ta taɓa fuska, ko hannu, ko tafin ƙafa, ko al'aura, ko gaɓa, ko wadda lantarki ya jawo, ta asibiti ce komai ƙanƙantarta.

To, masu sauraro, me ya haɗa wannan da annoba? Lokaci ne ya fara haɗa su. A ƙasar Hausa ƙuna ta fi yawa da hunturu, lokacin da ake kwana da kaskon garwashi a ɗaka, yara suna jin ɗumi a bakin murhu, ana ɗora ruwan wanka safe da yamma, busasshiyar iska kuma tana rura duk wutar da ta kuɓuce. Masu jego ma suna cikin wannan haɗari, domin likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun daɗe da rubuta irin ƙunar da wankan jego yake jawowa idan ruwan ya wuce kima. Waɗannan watanni na rani kuwa su ne watannin zazzaɓin Lasa, wanda ɓera ke yaɗawa, kuma a bayansu sanƙarau da ƙyanda suke biyowa idan zafi ya kama. Da damina ta sauka sai kwalara ta karɓa. Ke nan da wuya a samu lokacin da mai ƙuna zai shiga asibiti bai tarar da wata cuta mai yaɗuwa tana kai kawo a gari ba.

Jihar Katsina ta ga irin waɗannan lokuta ɗaya bayan ɗaya. Tana cikin jihohin da sanƙarau ya yi wa ɓarna a 2017 tare da Zamfara da Sakkwato. A farkon watan Afrilun 2020 aka tabbatar da ɓullar korona a jihar, kuma wanda aka fara samu da ita likita ne a Daura, wanda ya rasu, abin da ya kai ga rufe garin. Kwalarar 2021 ta shafi jihar, haka ma mashaƙo, cutar nan mai toshe maƙogwaro, wadda ta ɓarke a Kano tun daga ƙarshen 2022 ta bazu zuwa maƙwabta. Wuta kuwa ba ta dakata ba a cikin waɗannan shekaru. A watan Maris na 2021 gobara ta ci babbar kasuwar Katsina, a watan Nuwamba na shekarar kuma ta tashi a azuzuwan zana na wata makarantar firamare a Maraɗi, ta yi ajalin yara fiye da ashirin.

Akwai kuma wata alaƙa da ba a cika lura da ita ba, wato annoba da kanta tana ƙara yawan ƙuna. A lokacin korona mutane sun koma ga sirace, ana tafasa ganyen darbejiya da makamantansa a lulluɓa da bargo a kan tukunya, kuma yaro ko tsoho mai jiri yana iya kifar da tukunyar a kan cinyarsa; har a Ingila likitocin yara sun ba da rahoton ƙaruwar irin wannan ƙuna a 2020. Sinadarin tsabtace hannu da aka yi ta rabawa yana kamawa da wuta, don haka wanda ya shafa ya nufi murhu kafin ya bushe yana cikin haɗari. Yaron da zazzaɓi ya sa shi jijjiga yana iya faɗawa cikin garwashi, kamar yadda yake faruwa ga masu farfaɗiya. Wannan yana nuna cewa mai ƙunar da aka kawo asibiti a lokacin annoba, mai yiwuwa ne rashin lafiyar ce ta kai shi ga wutar tun farko.

Yanzu sai a juya ga gida, domin a gida jinyar ƙuna take farawa. Abin da ake buƙata a mintunan farko ruwa ne, ruwa mai sanyi irin na randa ko famfo, a riƙa kwarara shi a kan wurin har tsawon minti ashirin, domin zafi yana ci gaba da cin nama a ƙarƙashin fata bayan an janye daga wutar. Ba a sa ƙanƙara, saboda tana ƙara kashe fatar. A cire zobe da awarwaro da agogo kafin wurin ya kumbura, amma tufar da ta manne da nama a bar wa likita. Kada a fasa bororo. A rufe wurin da tsabtataccen zane, sannan a lulluɓe sauran jikin, musamman jikin yaro da hunturu, domin wurin ƙunar ake son sanyayawa, shi kuwa majinyacin ɗumi yake buƙata. Ko da ana kwalara a unguwa, kada tsoron ruwa ya hana a sanyaya ƙuna da mafi tsabtar ruwan da ke kusa, tunda ta baki kwalara take shiga. Ruwan da za a ba shi ya sha shi ne wanda dole a tafasa ko a sa wa magani. Su kuwa ɗanyen ƙwai, da man goge baki, da gishiri, da toka, da baƙin mai, da gashin zomo, da kashin shanu, duk da cewa ƙauna da ruɗewa ne ke sa a shafa su, suna kai datti cikin raunin da ba shi da kariya, wasunsu ma suna iya ɗauke da ƙwayar tetanus, cutar nan mai sandarar da jiki ta sarƙe haƙora. Likita kuma sai ya kankare su kafin ya ga zurfin ƙunar, kankarewar da majinyaci ke shan azaba a kanta. Zuma tana da amfani ga ƙunar da ba ta yi zurfi ba, bincike ma ya nuna haka, amma bayan an wanke wurin, ma'aikacin lafiya ya duba shi, ake maganarta.

Daga nan sai asibiti, kuma a nan ne annoba take yin ɓarnar da ba a ƙirgawa. Idan cuta ta ɓarke, iyalai sukan ji tsoron asibiti, wasu don kada su kwaso cutar, wasu don kada a killace nasu, sai a ajiye mai ƙuna a ɗaka ana sayo magani daga kemis, har sai wurin ya fara wari, fitsari ya ɗauke, sannan a nemi Keke Napep cikin dare. An ga irin wannan gudun asibiti a ƙasashen Gini da Saliyo da Laberiya lokacin Ebola a 2014, inda cututtukan da ake iya warkarwa suka kashe mutane da yawa a gida. Abin da ya kamata masu sauraro su riƙe shi ne, ruwan da likita zai ƙara wa mai babbar ƙuna a ranar farko, rabinsa a cikin sa'o'i takwas na farko ake so ya shiga jiki, kuma lissafin sa'o'in daga lokacin da aka ƙone yake farawa, ba daga lokacin da aka iso asibiti ba. Duk sa'ar da aka ɓata a gida ana shawara, ƙodar majinyaci ce take biyan ta. Saboda haka wanda ya rako mai ƙuna ya riƙe lokacin da abin ya faru, domin tambaya ce da za a yi masa. Babban Asibitin Katsina da Asibitin Koyarwa na Tarayya duk a cikin gari suke. Ba a jinkirta jinyar ƙuna saboda tsoron annoba.

Ɗaya ɓangaren maganar kuma na ma'aikatan lafiya ne, kuma adalci ne a faɗi cewa tsoronsu yana da tushe. Zazzaɓin Lasa, wanda aka fara ganowa a garin Lasa na Jihar Borno a 1969, tun farkonsa ma'aikatan jinya ya fara kashewa, kuma a watan Janairun 2020 ya yi ajalin likitoci a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano bayan sun yi aiki a kan mara lafiyar da ba a san tana ɗauke da shi ba. Lasa yana bin jini da sauran ruwan jiki, raunin ƙuna kuwa kullum cikin tsatsafo da ruwa yake, don haka mai wanke shi yana cikin waɗanda suka fi kusa da haɗari. Amma maganin wannan tsoro kayan aiki ne da tsari, domin mayar da majinyaci daga bakin ƙofa, ko barinsa a kan benci har sakamakon gwaji ya dawo, hukuncin kisa ne ga mai babbar ƙuna. Ƙa'idar da masana suka yarda da ita a lokacin korona ita ce a ɗauki duk wanda aka kawo cikin gaggawa a matsayin wanda mai yiwuwa yana ɗauke da cutar, ma'aikaci ya sa safar hannu da takunkumi da rigar kariya da abin kare ido, ya duba numfashi, ya sa ƙarin ruwa, ya ba da maganin ciwo da allurar tetanus, a ɗauki samfurin gwaji ana cikin aikin. Wanda hayaƙi ya shiga huhunsa, wanda ake ganewa da ƙonewar gashin hanci da dishewar murya da baƙin kaki, maƙogwaronsa yana iya kumbura ya toshe cikin sa'o'i kaɗan, kuma sa masa bututun numfashi aiki ne mai fesa tururin baki a fuskar likita. A irin wannan wuri kayan kariya ba su da madadi, kuma nauyin samar da su yana kan hukuma da shugabannin asibiti.

Akwai wata matsala da take rikita likita a nan, wadda iyali ne kaɗai za su iya warware masa. Zazzaɓi shi ne alamar da ake fara nema a kusan kowace annoba, amma babbar ƙuna ita kanta tana sa zafin jiki da saurin bugun zuciya da saurin numfashi, ko da babu wata cuta. Don haka tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce, yaushe zazzaɓin ya fara, kafin ƙunar ko bayanta? Akwai mai tari ko ciwon maƙogwaro ko amai da gudawa a gidan? An yi rasuwa kwanan nan? An yi tafiya? Wanda ya ɓoye amsar don gudun killacewa ya jefa malamar jinya da sauran masu ƙunar da ke kwance cikin haɗari, ya kuma cuci nasa, domin maganin Lasa ya fi aiki idan an fara shi a kwanakin farko, maganin dafin mashaƙo ma haka. Killacewa kuwa ma'anarta a ware wa majinyaci ɗakinsa da kayan aikinsa, jinyar ƙunarsa ta ci gaba a can kamar ta kowa.

To, a cikin ɗakin jinya fa? Tsarin da ya dace shi ne a raba majinyata kashi uku, waɗanda ba su da alamar cutar, da waɗanda ake zargi, da waɗanda aka tabbatar, kada gadajensu ko kayan wanke rauninsu su haɗu. Kowace cuta kuma da hanyarta, don haka kariyar ma takan bambanta. Korona da ƙyanda iska suke bi, sai a nemi tazara tsakanin gadaje da tagogin da iska ke ratsawa, duk da cewa da hunturu wannan yana karo da buƙatar mai ƙuna ta ɗumi da kariya daga ƙura, abin da ke sa a ƙara masa bargo a rufe rauninsa da kyau maimakon a toshe ɗakin. Mashaƙo da sanƙarau suna bin feshin tari da atishawa na kusa, kuma ƙwayar mashaƙo tana iya zama a kan buɗaɗɗen rauni. Kwalara tana bin bayan gida zuwa baki, don haka fo da bokiti da kwanon abinci su ne abin lura, da ruwan kilorin ake wanke su. Amma abin da ya haɗa duka shi ne hannu. Tun a 1847 wani likita mai suna Ignaz Semmelweis ya nuna a birnin Vienna cewa wanke hannu da ruwan kilorin tsakanin majinyaci da majinyaci yana rage mace-mace, kuma har yau babu na'urar da ta maye gurbin wannan. Safar hannu ɗaya ba ta zagaya gadaje biyu. Wanda rauninsa yake da tsabta da shi ake fara canjin bandeji, wanda nasa ya yi mugunya ko bandejinsa ya yi kore shi ne na ƙarshe, almakashi da hantsaki kuma a dafa su a na'urar kashe ƙwayoyin cuta kafin su taɓa wani. Ba a sassauta kariya saboda gaggawar ƙuna.

Wani abin da hukumomi ya kamata su hango tun kafin annoba ta zo shi ne, mai ƙuna da mai cutar annoba kaya ɗaya suke nema. Ruwan leda mai suna Ringer da ake ƙara wa mai kwalara shi ne ake ƙara wa mai ƙuna. Iskar oksijin da mai korona ke jira ita ce wanda ya shaƙi hayaƙi ke jira. Jini kuma yakan yi ƙaranci idan masu bayarwa suka ƙaurace wa asibiti. Idan aka kwashe komai aka kai cibiyar annoba, an bar ɗakin masu ƙuna fayau, don haka wajibi ne a ware masa kasonsa. Aikin tiyata ma ana rarrabe shi. Gyaran tabo da sakin gaɓar da ta ƙage suna iya jiran annoba ta lafa, amma yanke mataccen nama, da tsaga fatar da ta ƙandare ta shaƙe hannu ko ƙirji, da dashen fata, wato ɗebo lafiyayyar fata daga cinya a rufe raunin da ita, waɗannan ba sa jira, domin rufe rauni da wuri shi ne babban rigakafin mai ƙuna. Wanda ƙunarsa ƙarama ce kuwa ya fi masa alheri a wanke, a ɗaure, a sallame shi ya riƙa zuwa canjin bandeji, ko ya riƙa aika hoton wurin ta waya ga ma'aikacin da ya duba shi, maimakon ya kwanta a ɗakin da cuta ke yawo.

Sai magana mafi nauyi a wannan sharhi, maganar dubiya. Dubiya ibada ce, zumunci ce, kuma Bakatsine ba ya jin ya kyauta idan ɗan'uwa ko maƙwabci ya kwanta asibiti bai je ya ce masa sannu ba. Gidan da aka yi gobara kuwa jaje ne ke haɗuwa da dubiya, sai a ga mata sun cika mota da kwanukan abinci da goyo a baya, an kewaye gado, wannan ta zauna a gefen katifa, waccan ta ɗaga mayafi don ta ga yadda wurin yake, wani ya yi tofi a kai. Duk wannan ƙauna ce, babu mai musu. Sai dai mai ƙuna ba shi da fatar da za ta tare abin da hannu ashirin suka kwaso daga kasuwa da mota, kuma a lokacin annoba mai dubiya yana iya shigo da cuta bai sani ba, tunda wasu cututtukan suna yaɗuwa kafin alamarsu ta bayyana, yana kuma iya fita da ita ya kai wa 'ya'yansa. Abin da ya dace shi ne dangi su zaɓi mai jinya ɗaya, mai lafiya, wadda ba ta da juna biyu, ba tsohuwa ba, a koya mata wanke hannu da sa takunkumi, ta zauna ba a canja ta kullum. Addini bai bar wannan fage babu jagora ba, domin sananne ne cewa Musulunci ya hana shiga garin da annoba ta sauka da fita daga cikinsa, kuma Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham saboda wannan dalili. Hakkin dubiya kuwa akwai hanyoyin sauke shi da suka fi amfani ga mai ƙuna. Jinyarsa doguwa ce mai cin kuɗi, bandeji da magani kullum ake saye. Jikinsa yana cin abinci fiye da na mai lafiya domin ya gina sabuwar fata, don haka ƙwan da aka hana shafawa a rauni a dafa masa ya ci, da wake da madara da kifi da kunun gyaɗa. Wannan ya fi tsanani ga yara a jihar da tamowa ta yi katutu, har ƙungiyar likitoci ta MSF take kwantar da yara a Ƙofar Sauri da Asibitin Turai 'Yar'aduwa, domin yaron da yunwa ta riga ta cinye, raunin ƙunarsa ba ya saurin haɗewa. Samarin unguwa kuma da za su yi cincirindo a bakin ɗaki, su wuce ɗakin gwaji su ba da jini.

Kafin a kammala, akwai ranar da kowa ke addu'ar kada ta zo, ranar da masu ƙuna za su zo da yawa a lokaci ɗaya. A ranar 15 ga Oktoban 2024 tankar mai ta faɗi ta kama da wuta a Majiya ta Jihar Jigawa, mutum fiye da 150 suka rasu, adadin kuma ya ci gaba da hawa a kwanakin da suka biyo baya saboda waɗanda suka cika a gadon asibiti, kuma a shekarar ana fama da kwalara a jihohi da dama na Arewa. Katsina gari ne da manyan motoci ke ratsawa, ana kuma ajiye fetur a jarka a cikin gidaje da bakin titi. Ƙwararrun likitocin ƙuna kaɗan ne, akasarinsu a asibitocin koyarwa da irin Asibitin Ƙashi na Dala suke, saboda haka shirin irin wannan rana, wato wane ɗaki za a buɗe, wa za a kai Kano ko Zariya, ina aka ajiye ruwa da bandeji da kayan kariya, tun ana zaune lafiya ake rubuta shi. A irin wannan rana ma ƙa'idar ba ta canjawa. A yi jinyar ƙuna nan take, a yi ta cikin kariya.

Jama'a masu sauraro, iyaye mata da ke kusa da murhu, da malaman tsangaya da almajiransu ke kwana kusa da wuta, da masu kemis da ake fara bugawa ƙofa cikin dare, kalma ta ƙarshe taku ce. Mai kemis da aka kawo wa ƙunar da ta fi ƙarfinsa ya rufe ta da tsabtataccen bandeji ya tura asibiti, kada ya fara allura. Wanda ya ga alamar cuta mai yaɗuwa a gidansa yana iya kiran Hukumar Daƙile Cututtuka ta Ƙasa a lamba 6232, kyauta ne. Katin rigakafin yara a duba shi a cike abin da ya rage, domin allurar da ke kare yaro daga mashaƙo ita ce ke kare shi daga tetanus ranar da ya ƙone. Wanda aka sallamo daga killacewa da tabon wuta a jikinsa kuma, likita bai sallame shi ba sai da ya ga zama da shi ba haɗari ba ne, don haka a karɓe shi a masallaci da majalisa da makaranta, a taya shi motsa gaɓoɓinsa kada su ƙage, a tuna masa ranar komawa asibiti. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinyarsu da alheri, ya tsare Katsina daga gobara da annoba.